Abin da na tsinta kan digirin digirgir a cinikayyar ƙasa da ƙasa

Mun zauna da malamai biyu da wasu ɗalibai masu haramar neman digirin digirgir a tattalin arziki, kuma lissafi aka fi nanatawa. Jami'o'in Amurka sukan fara duba makinka a kalkulas da aljebra kafin su saurari son da kake yi wa cinikayya. Ɓangaren lissafi na GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, maki 170 ne, masu harin manyan makarantu kuwa kusan cike shi suke yi.

Wasiƙun shaida uku ake nema, galibi kuma akan rufe karɓar takardun neman shiga a Disamba. Wani malamin ya ce wanda ya ga aikinka da idonsa ya fi farfesan da ko sunanka bai riƙe ba. Na yarda da shi.

An ce a karanta takardar binciken masanin tattalin arziki Melitz ta 2003, wadda ta bayyana dalilin da ya sa kamfanoni mafiya ƙwazo kaɗai ke fitar da kaya waje, sannan a saba da alƙaluman Comtrade, rumbun bayanan cinikayya na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Inda aka yi saɓani: malami ɗaya ya ce a fara aikin taimaka wa mai bincike na shekara biyu, ɗayan ya fifita shirin digirin digirgir na AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, ga wanda iyali suka ɗaure, tunda karatun Amurka kan ci shekara biyar zuwa shida.