Kart memwar na ɗaukar 4K: mai U1 ko mai V30?

Ɗan Wadata: Assalamu alaikum yayyena. Ina da kamera Sony a6400, an ba ni ɗaukar biki nan Yamai ƙarshen wata, ango ya ce bidiyon 4K yake so, mai tsabtar hoto sosai. Kart biyu na gani, duka 128 GB. Ɗaya an rubuta 120 MB/s, C10, U1, A1. Ɗayan U3, V30, ya fi tsada. Mai shago ya ce na farkon ya wadatar tunda 120 ta fi 30. Wanne zan ɗauka?

Mai Gyaran Salula: Ƙanena, nemi mai A2, shi ne na zamani.

Malam Mai Studiyo: A'a. Harafin A na salula ne, yana auna saurin buɗe ƙananan fayiloli barkatai, ba ruwan kamera da shi. Ɗan Wadata, 120 ɗin nan saurin karantawa ne, wato lokacin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Kamera kuwa rubutawa take yi. C10 da U1 da V10 duk abu guda suke alkawari: rubutu ba zai sauka ƙasa da 10 MB a daƙiƙa ba. U3 da V30 kuma 30. Kamerarka tana ɗaukar 4K a 100 Mbps, wato megabit 100 a daƙiƙa. Megabit 8 ke yin MB guda, ka raba da 8, ka samu 12.5 MB a daƙiƙa. Ka ga 10 ba ta kai ba. Ita kanta kamerar ba za ta yarda ta ɗauka a 100 Mbps ba sai ta ga kart irin SDXC ko SDHC mai U3. Ɗauki na biyu. Awa guda tana cin wajen 45 GB, kart ɗin zai ba ka awa 2 da rabi.

Alhaji Tahoua: In kuɗi bai hana ba, V60 ko V90 ya fi kwanciyar hankali.

Malam Mai Studiyo: Alhaji, da girmanka, ɓarnar kuɗi ce. Waɗannan UHS-II ne, masu layi biyu na ƙarfe a baya. Ramin a6400 layi guda yake taɓawa, UHS-I, iyakarsa 104 MB/s.

Hajiya Mai Bidiyo: Kuna ta lissafin haruffa, alhali jabu ne ke kashe mana sana'a. Kart mai 8 GB na gaskiya, sai a sauya masa bayanin ciki ya riƙa nuna 128, a buga tambarin babban kamfani a kai. Kamera ta karɓa, ta yi format lafiya lau. Sai 8 ɗin ta cika, abin da ya biyo baya ya bi iska ko ya hau kan na farko. Ka dawo gida sunayen fayil suna nan, girmansu yana nan, ba wanda ke buɗewa. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Uwar amarya ba ta san kart ba, kai ta sani. Mai shago kuma ya ce kaya in sun fita sun fita. Ba mai maido da bidiyon nan, don tun farko ba a rubuta shi ba.

Ɗan Ader: Wallahi haka ne Hajiya. Magani guda: H2testw, manhajar gwada kart a kwamfuta. Ka sa kart babu komai ciki, ya cika shi, ya sake karantawa. Yana ɗaukar sa'o'i amma zai gaya maka girman gaskiya da saurin rubutu. In Windows ya nuna 119 GB a kart na 128 kada ka tsorata, bambancin ƙidaya ne.

Ɗan Wadata: To nawa ya kamata in biya? Jika 18 aka ce mini.

Mai Gyaran Salula: Ya yi yawa, ana samu jika 6.

Hajiya Mai Bidiyo: V30 na 128 a jika 6? Irinsa nake magana.

Alhaji Tahoua: Nan wajenmu jika 14 ne, na SD babba. Kada ka sayi ƙarami mai adafta, adaftar tana sakin jiki tsakar ɗauka.

Mai Gyaran Salula: Kart nawa ke ratsa hannuna a yini? Ku wata guda kuna kan guda biyu.

Malam Mai Studiyo: Na waƙoƙi da hotuna ne ke ratsa hannunka, ɗan'uwa. Su ko C4 ya ishe su. Bidiyo mai gudana minti 30 ba tsayawa wani abu ne dabam.

Ɗan Ader: Duk wannan wahala, a WhatsApp dangin ango za su kalli 4K ɗin!

Hajiya Mai Bidiyo: Nan ma ciwo ne. WhatsApp yana matse bidiyo, fuskar amarya ta dagule, a ce aikinka ne bai yi kyau ba. Sai an tura shi a matsayin dokima, shi ma 2 GB ne iyaka, minti 3 na 4K bai cika shiga ba. Ka ce su kawo kile USB, su kawo wadda aka yi wa format a tsohon tsari, FAT32, fayil da ya wuce 4 GB ya ƙi shiga. Sai an mai da ita sabon tsari, exFAT, sannan tsohuwar talabijin ɗinsu ta ƙi karantawa.

Alhaji Tahoua: Kilen ma wa ke biya? Ya kamata mu tsai da magana guda, kuɗinta ya shiga cikin ciniki tun ranar kafin alƙalami.

Ɗan Wadata: Yayyena, 128 guda zan saya ko 64 biyu?