Tambaya kan kafson lesitin: toshewar nono da ciwon hanta

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lafiya a taimaka min. Wata uku kenan da na haihu, to tun bayan arba'in nonona na hagu yake damuna, sai waje ɗaya ya yi tauri kamar dutse ya kama zafi, in yaron ya sha ya sha bayan kwana biyu sai ya saki, sati biyu ya zagayo kuma ya dawo, yanzu karo na huɗu kenan. Yayata da ke aure a Ingila ta ce can masu shayarwa wani kafso suke sha wai shi lesitin, yana hana nonon daskarewa. Garin nema sai na haɗu da wata mai sayar da kayan ƙarin lafiya na kamfani, ita kuma ta ce ai ba nono kaɗai ba, yana wanke hanta, yana narkar da kitsen jini, yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, har ta ce in saya wa maigida tunda yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wai in ya yi wata shida yana sha gwajinsa zai dawo negatib. Wallahi wannan maganar ta tsaya min a rai, kuma kuɗin ba kaɗan ba. Menene shi wai? Zan iya sha ina shayarwa? Kuma maganar hantar gaskiya ce?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Maman Biyu, Allah ya raya ya ba ki lafiya. Lesitin ba baƙon abu bane, kin sha cinsa ba ki sani ba. Wani nau'in maiƙo ne da ke cikin gwaiduwar ƙwai, wani Bafaranshe mai suna Gobley ne ya fara tace shi daga gwaiduwa a shekarun 1840, sunan ma daga kalmar Girkanci ta gwaiduwa aka ɗauko. Yanzu yawanci daga waken suya ake cire shi wajen tace mai, wasu kuma daga irin sanfulawa. Aikinsa a masana'anta shi ne haɗa mai da ruwa su zauna tare, shi ya sa ake sa shi a cakulan da bota ta roba da madarar gari mai saurin narkewa, ki duba bayan leda za ki ga sunansa ko lambar E322.

Amfaninsa a jiki kuwa daga wani sinadari ne da ke cikinsa mai suna kolin. Shi kolin jiki na buƙatarsa da gaske, da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi jijiyoyi ke aika saƙo, kuma da shi hanta ke fitar da kitse daga cikinta, in ya yi ƙaranci kitse ya kan taru a hantar. A 1998 masana a Amurka suka sa ma'auni, namiji miligiram 550 a rana, mace 425, mai ciki 450, mai shayarwa 550. To nan ne masu talla ke samun kafa, sai su ɗauki gaskiya ɗaya su ɗora mata goma. Abin da ba sa faɗa shi ne ƙwai babba guda ɗaya yana da kolin wajen miligiram 147, shi kuma kafso ɗaya na lesitin mai miligiram 1200 kolin da ke ciki bai kai na rabin ƙwai ba, don mafi yawansa sauran maiƙo ne. Hantar saniya ta fi ƙwai ma nesa ba kusa ba, ga waken suya, ga kifi da kaza.

Maganar ƙwaƙwalwa an gwada shi a kan tsofaffi masu ciwon mantuwa, da aka tattara gwaje-gwajen ba a ga wani amfani a fili ba. Na kolestirol kuma, wato kitsen jinin, ƴan ƙananan gwaje-gwaje ne a kan mutane kaɗan, ba abin da mutum zai ajiye maganin likita dominsa ba.

Anti Ungozoma:
Ƙanwata sannu, na san wannan ciwon, mata da yawa a kansa suke yaye yaro ba shiri. Yayarki ba ƙarya ta yi ba, ƙungiyar likitocin shayarwa ta duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2022 ta ambaci lesitin cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga wadda toshewar ke yawan dawo mata, ana ganin yana rage danƙon kitsen nonon. Amma hujjar ba mai ƙarfi bace, wasu sun ce ya yi musu wasu ba su ga komai ba. Abinci ne, galibi ba ya cutar da mai shayarwa, sai dai ya kan ɓata wa wasu ciki, tashin zuciya ko zawo ko kumburin ciki, in kuma waken suya ba ya karɓarki to ki nemi na sanfulawa. Yawan da za ki sha ki bari a faɗa miki a asibiti bayan an duba ki.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda kike kula da wajen in ya taso. Mu nan an saba da gashi da ruwan zafi a danna da ƙarfi wai a fasa gudajin, alhali yawanci kumburi ne ya matse hanyar nonon, dannawar nan ƙara kumburin take. Ki sa tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe a zani, shafa a hankali kawai zuwa wajen hammata, ki ba yaro nono duk sanda ya nema amma kar ki zauna kina tatsa kina tatsa don ki ga ya ƙare, ƙara yawansa kike. Ki duba rigar nononki ko ta matse ki, ki duba kamun yaron, tunda kullum gefe ɗaya ne wataƙila a nan matsalar take. In zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, ko wajen ya yi ja yana yaɗuwa, ko gudajin ya ƙi tafiya, wannan ba na kafso bane, asibiti a ranar. Kuma karo huɗu a waje ɗaya ni dai ina so a taɓa a gani.

Abu Sadik:
Hajiya ni maganar maigidanki ce ta sa na tsaya. Shekara tara ina ɗauke da wannan ciwon. Farkon da aka gaya min na ruɗe, duk wanda ya ce ga magani sai in saya, har da irin wannan kafson na hanta mai lesitin a ciki na sha sama da shekara, kuɗin da na kashe Allah kaɗai ya sani, da na koma gwaji ƙwayar cutar tana nan ba inda ta je. Lesitin ba ya kashe bairos. Ko likita ya rubuta wa mutum shi to tallafi ne, ba shi ne maganin ba. Abin da ya taimake ni shi ne ganin likitan hanta, aka auna yawan ƙwayar cutar a jini da aikin hantar aka yi sikanin, sannan aka ɗora ni kan tenofobir ƙwaya ɗaya kullum, wasu ma ba a ba su komai sai dai bibiya lokaci zuwa lokaci. Don Allah kar ki bari ya jingine zuwa asibiti saboda an ce wata shida, hanta ba ta kuka sai ta lalace. Kuma ke kanki an gwada ki? An miki rigakafi? Yaron an masa ta ranar haihuwa?

Ummu Khadija:
Wani abu da ba a taɓo ba, fatar kafson nan mai laushi da jelatin ake yin yawancinta, shi kuma daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, na saniya ko na alade. In an kawo daga waje ki karanta kwalbar ko akwai alamar halal ko an rubuta na tsirrai ne, akwai kuma na gari wanda ake zubawa a kunu ba ruwanki da fata. In a nan za ki saya ki tabbatar da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti wallahi abin da nake yi kenan, gashi da ruwan zafi safe da yamma, kakar yaran ma har da tawul take danna min. Daga yau na daina, Litinin zan je a duba ni in tafi da hoton kwalbar in nuna musu. Malam Abu Sadik yaron an masa ranar da aka haife shi, ni kuma an gwada ni a awon ciki ba ni da shi amma allura ɗaya kawai na yi cikin ukun, ban koma ba. Sai in ci gaba daga ta biyu ko sabo zan faro?

Anti Ungozoma:
Ba sai kin faro sabo ba, daga inda kika tsaya za a ci gaba. Ki tafi da katin in yana nan, ki ce su fara sake gwada ki tunda an jima.