Ina iyakar wasa da mai saye a kasuwa?

Sabon ɗan tireda: Assalamu alaikum. Don Allah iyayenmu 'yan kasuwa, yaya ake jan mai saye da raha ba tare da ya ɗauka raini ne ba? Wa ake yi wa, wa ba a yi wa?

Mai awo: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara sanin lokacinta. Raha tana shiga ne bayan gaisuwa kafin a soma taya, ko bayan ka ce "na sallama" kana ƙara gyara. Kada ka yi ta kana awo ko kana ƙirga canji, don mai saye zai yi zaton kana ɗauke masa hankali ne ka tauye mudu. Wadda ba ta jawo rigima ita ce ta kalma mai fuska biyu. An ce "akwai kuka?", ka ce "a nan sai dariya, Hajiya", hannunka kuma yana kan ƙullin kukar. Mahauci ne aka ce ya ba da wuya, sai ya ce "Allah ya raba ka da wuya", yana yankawa. Sau ɗaya ya isa. In ba a yi murmushi ba, koma kan ciniki.

Malamar Hausa: Abin da ke sa wannan ya yi daɗi shi ne karin sauti da tsawon wasali. Wuyan rago da wuyar rayuwa baki ne ke bambanta su, haka garin masara da garin Kano. A rubuce duk ɗaya suke, shi ya sa in ka tura irin wannan ta WhatsApp sai ya mutu, ko a fahimce shi a baibai. A gida kuwa al'ada ta riga ta raba: jika da kaka, taubasai, ƙanin miji da matar wa, duk abokan wasa ne. Suruki ba a yi masa, tsakaninku sai kunya.

Dattijon layi: Ƙari kaɗan. Ka tabbatar da asalin mutum kafin ka tsokane shi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, waɗannan suna da hurumin yi wa juna, har da karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. A Nijar ma hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan wasa cikin al'adun da ake tattali a 2014. Amma hurumin na masu shi ne. In ba abokin wasanka ba ne ka ce masa "bawana", ka yi zagi, kuma ka rasa mai saye. Sannan ko da abokin wasa, ba a taɓa bashin da ake binsa, ko nakasa, ko rashin haihuwa, balle a gaban iyalinsa.

Sabon ɗan tireda: Na gode, Baba. In mace ce fa ta zo da mijinta?

Mai awo: Yi wa mijin, ita ka gaishe ta kawai.