Shawarwari ga ɗalibi mai zuwa aikin sa kai a gonakin gahawa na Jimma

Waɗanda suka taɓa zama a ƙauyukan Jimma, ƙasar Habasha, bakinsu ya zo ɗaya: ka je a matsayin ɗan koyo, manomi ya fi ka sanin gonarsa. An fi buƙatar hannu lokacin tsinka, wajen Oktoba zuwa Disamba. Jajayen 'ya'ya kaɗai ake tsinka. Ɗanyu in suka shiga kwando sai daraja ta karye, asarar kuma ta mai gona ce. Wannan ya tsaya mini a rai.

Koyi gaisuwa da Oromanci, harshen mutanen yankin. Riƙe rigar sanyi, Jimma kan tudu take, sama da mita 1,700 daga matakin teku. In uwargida ta soya gahawa a gabanka ta daka, kada ka tashi sai an sha zagaye na uku.

An saɓa kan kuɗin da masu shirya tafiya ke karɓa. Ni dai, a tambayi nawa ke isa hannun masu masauki.