Taƙaitawa: gwada daidaiton tazarar lokaci a Java

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa kan yadda ake gane ko tazarar lokaci guda biyu daidai suke a Java, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa Duration, ɗaya daga cikin hanyoyin ajiye tazarar lokaci a Java, ba shi da wahala, domin daƙiƙoƙi yake ƙirgawa, saboda haka minti 60 da awa 1 daidai suke, muddin da equals (umarnin da ke gwada ƙimarsu) aka gwada su, ba da alamar == ba (wadda ke duba ko abu guda ne a ma'ajiyar kwamfuta).

2. Period, wata hanyar ajiye tazarar lokaci a Java, shi ne ya fi jawo magana. Yana ajiye shekaru da watanni da kwanaki kowanne daban, don haka wata 12 ba ya zama daidai da shekara 1 sai an kira normalized (umarnin da ke mayar da kowane wata 12 zuwa shekara 1), kuma ko shi ba ya taɓa kwanaki, tunda wani watan kwana 28 ne, wani kuwa 31.

3. Kawuna sun rabu kan kwana 1 da awa 24. Wasu sun kafa hujja da PostgreSQL, wani tsarin ajiye bayanai wanda ke ɗaukar su daidai, wasu kuma suka ce a yawancin ƙasashen Turai ranar da ake sauya agogo (a matsar da shi gaba ko baya da awa ɗaya) takan zama awa 23 ko 25. Hujja ta biyu ta fi gamsar da ni.

4. Mai ajiye daƙiƙoƙi a double (nau'in lamba mai ɗigo, wanda kan ajiye ƙima bisa kusanci) ya kamata ya bar ɗan rata wajen gwadawa, wato ya ɗauki lambobi biyu daidai idan bambancinsu ƙanƙani ne.