Wai da gaske Hilda Baci ba ta runtsa ba kwana huɗu?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sana'ata girkin biki ce a Zariya, shekara 11 ke nan. Watan jiya na yi wani biki, tun daren Alhamis nake gaban murhu har la'asar ɗin Asabar: buhun shinkafa huɗu, ga waina, ga funkason ranar kamu. Ƙafata ta kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ina zaune na tsoma ta a ruwan ɗumi da gishiri sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ai da kin kira 'yan Guinness da yanzu ke ce Hilda Baci." Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske ne yarinyar nan, 'yar Najeriyar da ta shiga littafin bajinta na Guinness saboda girki mafi tsawon lokaci, ba ta runtsa ba? Ban ɗaki fa? Idan Musulma ce za ta gwada, yaya za ta yi da sallah? Kuma nawa suka ba ta?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ana hutawa mana, amma da ma'auni. Duk awa guda da kika yi kina aiki kina da minti 5. In kin ga dama ki tara su kamar adashi, awa shida ki kwashi minti 30 ki ɗan kishingiɗa. Ban ɗaki, wanka, sallah, duk a cikin wannan za ki fitar. Kuma nan ne Hilda ta yi tuntuɓe. Ta fara ranar 11 ga Mayu 2023 a Lekki, Legas, ta sauke tukunya ranar 15, awa 100 a lissafinta. Da Guinness suka bi bidiyon sai suka ga tun farko-farko ta zarce lokacin hutunta da wasu mintuna, suka zabge mata kusan awa bakwai, aka rubuta awa 93 da minti 11. Duk da haka ta wuce Lata Tondon ta Indiya, mai awa 87 da minti 45 tun 2019.

Kuma ba a barin murhu haka nan, dole kowane lokaci akwai aƙalla abu biyu da ake haɗawa ko suke kan wuta. Mataimaki zai iya yanka albasa ya wanke tukunya, amma girkin kansa hannunki kaɗai. Abincin ma sai an cinye, ba a zubarwa.

Malamin Firamare:
Ni tambayata daban. Guinness ɗin nan ba kamfanin giya ba ne?

Ɗan Fagge:
Malam, asali kam daga can ne. Shugaban kamfanin, Hugh Beaver, ya yi gardama da abokan farauta a 1951 kan wane tsuntsun farauta ya fi gudu a Turai, aka rasa littafin da zai raba gardamar. Shi ne aka fitar da na farko a 1955. Amma tun 2001 aka sayar da littafin, yanzu yana hannun wani kamfanin Kanada, suna ne kawai ya rage.

Anti Balki:
Maman Husna, batun kuɗi kuwa, ko sisi ba sa biya. Takardar shaida ce kawai. Gas, cefane, masu kyamara, shaidu, duk ke za ki nemo ko masu ɗaukar nauyi. Kuma kambun ba ya daɗewa a kai. Shekarar ba ta ƙare ba wani ɗan Ireland mazaunin Japan, Alan Fisher, ya yi awa 119 da minti 57 ya karɓe.

Maman Husna:
Allah ya saka da alheri. Minti biyar duk awa? Wallahi ta ji daɗi, ni a gidan biki ko shi ba na samu, ina zama dangin ango za su turo a ƙaro miya. Amma tunda takarda ce zalla, a bar wa masu ƙarfin ƙafa. Bari in je in bi cikon kuɗina, uwar amarya ta ce in dawo bayan an kai lefen ƙanwar.