Idan an buge yaro tun yana tasowa a dambe

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada hira ta faɗa kan wani yaron unguwa da aka buge a wasansa na uku, tun ranar ya rataye safar hannunsa a ƙusa bai ƙara leƙa wajen tirenin ba, abin ya dame ni wallahi, shi ne na tattaro abin da mutane suka ce.

Wani baba, tsohon ɗan damben gargajiya, ya ce su a wajensu a kashe ka yau gobe ka ɗaure hannu ka koma fili ba komai ba ne, damben Turawa ne ake lissafin kowace faɗuwa a takarda, masu shirya wasa suna son wanda ba a taɓa bugewa ba, da an ci ka sau ɗaya kuɗinka ya sauka. Amma ai Bernard Hopkins, ɗan damben Amurka, ya sha kashi a wasansa na farko a 1988, ya zo ya riƙe kambun duniya yana shekara 49. Manny Pacquiao ɗan ƙasar Filifins ma an shimfiɗe shi a 1996, daga baya ya zo ya shahara a duniya.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kar a yi gaggawar mayar da shi, in bugun kai ne likita ya duba shi tukuna, ya huta sosai. Sai ya zauna da kocinsa su kalli bidiyon a waya su ga ta ina hannun ya shigo, wasa na gaba kuma a haɗa shi da tsaransa. Mu kuma 'yan unguwa baba ya ce mu daina tsokanarsa a wajen mai shayi.